Daga Ɗakin Masu Jego Zuwa Ɗakin Haihuwa: Aikin Sabbin Nas-Nas a Ƙasarmu

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu sun kai matansu ko 'ya'yansu asibiti a Kazaure ko Babura, ko a ƙananan asibitocin ƙasar Roni da Gwiwa, suka tarar da wata yarinya matashiya a ɗakin haihuwa. Wani ya ce, "Ashe ba wannan ce muka gani bara a ɗakin masu jego tana ba da magani ba? Yaushe ta iya karɓar haihuwa?" Wani kuwa bai ce kome ba, amma da cikin ya sāke zuwa sai ya bar matarsa a gida. Wannan shawara ta barin mace a gida ita ce ta sa muka ga ya kamata mu bayyana yadda nas take tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan, da abin da take koya, da abin da take bukata daga gare mu.

Me Ya Sa Ake Yin Wannan Canji?

Dalili na fari shi ne ƙarancin ma'aikata. Ungozomomin asibiti ba su isa ba, musamman a karkara. A shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta fito da wani shiri na tura ungozomomi zuwa asibitocin ƙauyuka, sabbin gamawa da waɗanda suka yi ritaya. A 2012 kuma aka soma wani shiri da taimakon Ingila a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, aka riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka ana ba su karatun share fage domin su sami shiga makarantun aikin jinya da na ungozoma, in sun gama su koma su yi wa mutanensu aiki. Jiharmu tana da irin waɗannan makarantu a Birnin Kudu da Haɗeja da Babura. Saboda haka fuskokin da muke gani a asibiti yanzu na matasa ne, waɗansunsu ma 'ya'yanmu ne.

Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, nas takan yi shekara 3 tana karatun jinya, sa'an nan ta ƙara wata 18 tana koyon aikin ungozoma. Wata kuma takan shiga karatun ungozoma kai tsaye na shekara 3. Kowace sai ta ci jarrabawar Majalisar Nas-Nas da Ungozomomi ta Nijeriya kafin a ba ta lasin. Amma takarda dabam, hannu dabam. A asibitoci da yawa akan fara ajiye sabuwar ma'aikaciya a ɗakin masu jego, inda aiki yake tafiya a hankali, in ta kwana biyu sai a mai da ita ɗakin haihuwa.

Ɗaki Biyu, Aiki Biyu

Mu manoma mun san bambancin noma da girbin da hadari ya taso masa. A wurin noma, abin da ba ka gama yau ba ka ƙarasa gobe. Amma in gyaɗa tana shanye a fili, hadari ya haɗo, ba zancen gobe. Haka waɗannan ɗakuna biyu suke.

A ɗakin masu jego nas ɗaya takan lura da mata da yawa tare da jariransu. Tana zagayawa gado gado, ta auna zafin jiki, ta duba jini, ta ba da magani a kan lokacinsa, ta koya wa mai haihuwar fari yadda ake kama nono. Aikinta ana lissafa shi da awa da kwana.

A ɗakin haihuwa kuwa lissafin na minti ne. Rai biyu ne a hannunta, ɗaya tana gani, ɗaya ba ta gani, sai dai ta saurara ta kuma taɓa. Mace tana iya zama lafiya lau da ƙarfe biyu, kafin biyu da rabi jini ya ɓalle. Sau da yawa da dare ba likita a kusa, ita ce za ta yanke shawara ta fari. Wannan nauyi shi ne yakan tsorata sabuwar nas, ba jini ko kukan mai naƙuda ba.

Abin Da Ta Zo Da Shi

Kada mu ɗauka wadda ta fito daga ɗakin masu jego ta zo hannu sake. Ta zo da sani iri huɗu waɗanda ɗakin haihuwa yake bukata ƙwarai.

Ta san mahaifa da hannunta. Ta sha ɗora hannu a kan marar mai jego, ta san yadda mahaifa take in ta dunƙule ta yi tauri kamar goriba, ta kuma san yadda take in ta saki ta yi laushi. Mahaifar da ta saki ita ce mafi yawan abin da yake kawo zubar jini bayan haihuwa.

Ta san jariri mai lafiya da marar lafiya: numfashinsa, launin jikinsa, kukansa, da yadda yake tsotso. Ta saba da sa jariri a nono cikin awa ta fari, da hana a zubar da dakashi, da shafa maganin cibiya maimakon toka ko man goge haƙori.

Ta san magana da mata. Ta san yadda za ta ce wa uwar miji, "Inna, ki yi haƙuri, a bar wankan jaririn sai gobe, kada sanyi ya kama shi," ba tare da ta ɓata wa tsohuwa rai ba.

Mafi muhimmanci, ta ga ƙarshen doguwar naƙuda da idonta. Ta yi jinyar matar da aka yi wa aiki bayan ta kwana biyu tana fama a gida. Ta ga wadda ta tashi ba jariri, ta ga wadda fitsari ya soma bi mata ƙafa. Wadda ta ga wannan ba za ta yi wasa da agogo ba.

Abin Da Za Ta Koya

1. *Rubuta tafiyar naƙuda.* Akwai wata takarda mai layi-layi wadda ake cikawa tun daga lokacin da naƙuda ta kankama. Likitoci biyu ne suka tsara ta a 1972 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, domin ungozomomin karkara su san lokacin da ya kamata su tura mace babban asibiti. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon tsarinta. Bakin mahaifa yakan buɗe har santimita 10 kafin jariri ya fito. A sabon tsari ana cewa naƙuda ta kankama in ya kai santimita 5. Daga nan, ga mai haihuwar fari ba kasafai takan wuce awa 12 ba, ga wadda ta saba kuwa awa 10. Nas za ta duba buɗewar bakin mahaifa kowace awa 4, ba fiye da haka ba sai da dalili, gama yawan sa hannu yakan kawo ciwo. Sanin santimita 4 daga santimita 6 da yatsa biyu ba a littafi ake samunsa ba. Sai ta duba, babbarta ta duba a bayanta, su gwada, har hannunta ya faɗa.

2. *Sauraron zuciyar jariri.* Zuciyar jariri a ciki takan buga sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya. Nas za ta saurara aƙalla kowane rabin awa, in an soma nishi kuwa kowane minti 5. In bugun ya ragu bai dawo ba, ko faya ta fashe ruwan ya fito kore mai kauri, jariri yana cikin wahala ke nan. Za ta kuma ɗora hannu a kan ciki minti 10 tana ƙidaya sau nawa ya ɗaure, da daɗewar kowane ɗauri.

3. *Minti na fari na jariri.* A ɗakin masu jego jariran da take karɓa sun riga sun yi kuka. A nan ita ce za ta sa su yi. Da zarar jariri ya faɗo za ta goge shi da busasshen zane, ta shafa bayansa. In bai yi numfashi ba, kafin minti ɗaya ya cika tilas ta soma hura masa iska da 'yar jakar roba da ake kifawa a kan hanci da baki. Ba a riƙe shi ta ƙafa a juye, ba a marinsa, ba a watsa masa ruwan sanyi. Jarirai da yawa da ake cewa sun zo ba rai, da ransu suka zo, iska ce ba su samu ba.

4. *Tsai da jini.* Cikin minti ɗaya bayan jariri ya fito akan yi wa uwa allurar okisitosin a cinya domin mahaifa ta dunƙule. Wannan allura tana son sanyi, zafi yakan kashe ƙarfinta, don haka nas za ta koyi lura da firji kamar yadda take lura da mai haihuwa. Inda ba firji akan ba da ƙwayoyin misofurostol. Sa'an nan ta jira mabiyiya, ta duba ta ko ta fito duka. Jinin da ya kai rabin lita, watau cikin ledar fiya wata ɗaya, ya zama zubar jini. Da ido kawai akan raina shi, gama zane yana shanyewa. A 2023 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano tana cikin shugabanninsa. Aka shimfiɗa wa kowace mai haihuwa leda mai ma'auni wadda take tara jinin. In ya kai layi, sai a yi abubuwa duka a lokaci ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurai iri biyu, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin yake fitowa. Mummunar zubar jini ta ragu da wajen kashi 60 cikin 100.

5. *Jijjiga.* Hawan jini na masu ciki yakan zo da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, daga nan sai faɗuwa da jijjiga. Mutane sukan ce iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi. Maganinsa allura ce da ake kira magnisiyam salfet. A 2008 aka soma amfani da ita a manyan asibitoci 10 na jihar Kano, mutuwar matan da jijjiga ta kama ta sauko daga wajen 21 cikin 100 zuwa wajen 2 cikin 100. Sabuwar nas za ta koyi auna wannan allura daidai, ta kuma lura da numfashin mai ciwo da yawan fitsarinta, domin in ta yi yawa tana da haɗari.

6. *Sanin iyakarta.* Wannan shi ne darasi mafi wuya. In jariri ya kwanta a gicciye, ko hannu ya rigayi kai, ko kai ya ƙi saukowa, ko jini ya zo tun kafin haihuwa, ko mabiyiya ta ƙi fita, ƙaramin asibiti ba shi da abin yi. Sai wurin da ake yin aiki ana kuma ƙarin jini, kamar babban asibitin Kazaure ko na Babura, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Kano. Nas ta ƙwarai ita ce wadda ta tura mace tun tana da ƙarfi a jikinta.

Ba A Koyon Wannan A Rana Ɗaya

Ba wanda zai ɗaura wa sabon maraƙi garma shi kaɗai. Akan haɗa shi da tsohon sa har ya iya bin kunya. Haka ya kamata a yi wa sabuwar nas: makonni na fari tana kallo tana taimako, sa'an nan ta karɓi haihuwa babbarta tana tsaye a gefenta, sa'an nan ta yi ita kaɗai amma da wadda za ta kira a kusa. Ana kuma yin gwaji da 'yar tsana, a maimaita hura iska da tsai da jini har hannu ya saba, domin ranar da abin ya zo ba lokacin tunani.

Haɗarin da muke gani shi ne, saboda ƙarancin ma'aikata, a bar yarinya ita kaɗai a aikin dare tun ba ta nuna ba. In abu ya ɓaci a hannunta, mace ta cutu, ita kuma tsoro ya shige ta, ta nemi canji zuwa birni, asibitinmu ya koma ba kowa. Saboda haka waɗanda suke cikin kwamitin lafiya na gunduma daga cikinmu su riƙa tambaya a wurin taro: nas nawa ne suke kwana a ɗakin haihuwa? Wa sabuwar za ta kira in ta ga abin da ya fi ƙarfinta? Akwai fitila? Akwai ruwa? Firjin yana aiki?

Abin Da Zariya Ta Koya Mana

Daga 1976 zuwa 1979 wani likita, Farfesa Kelsey Harrison, da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya. Abin da suka gani shi ne, mafi yawan matan da suka mutu, nesa ba kusa ba, waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, aka kawo su bayan abu ya riga ya ɓaci. Asibiti ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma wadda ta zo da wuri ta koma gida, wadda aka kawo a makare ba ta koma ba.

Doguwar naƙuda kuma ita ce uwar yoyon fitsari. Kan jariri yakan danne naman da yake tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya bar rami. Ana gyara wannan ciwo a Babbar Ruga ta Katsina, da asibitin Murtala na Kano, da asibitin Jahun a nan jiharmu, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aiki a 2008. Amma gyara ba ya mai da jaririn da aka rasa.

Masana sun ce jinkiri iri uku ne yake kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun taimako a asibiti. Na ukun ne kaɗai yake hannun nas. Biyu na fari namu ne.

Namu Aikin

(a) *Awon ciki.* Kowace mai ciki ta fara awo da wuri, ta riƙe katinta, ta je da shi ranar haihuwa. Katin nan yana gaya wa nas abin da ba za ta iya tambaya ba a tsakiyar naƙuda.

(b) *Izini tun da wuri.* Da yawa cikinmu muna tafiya cin rani. Kafin maigida ya tafi, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da 'yan'uwansa cewa in naƙuda ta zo a tafi asibiti, kada a jira shi. In yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a gaya musu haka su ma.

(c) *Asusu.* Bayan girbi kowane ɗan ƙungiya ya ajiye tiya ɗaya ko biyu ta gero ko wake ko riɗi. A sayar, a ajiye kuɗin a hannun ma'aji domin mota da magani kaɗai. Wanda ya ara ya biya a kaka mai zuwa.

(d) *Mota.* A yi magana da direba biyu tun rana tsaka, a san kuɗin, a rubuta lambar wayarsu. Ƙauyukan da suke bayan rafi ko cikin duwatsun Roni su yi shawara a kan damina: mai cikin da watanta ya kama gwamma ta koma wurin dangi kusa da asibiti.

(e) *Jini.* Matasa masu lafiya su je a auna rukunin jininsu, a rubuta a littafin ƙungiya. Namiji mai lafiya yana iya ba da leda ɗaya bayan kowane wata 3, jikinsa kuwa yakan mayar.

(f) *A bar abubuwan da suke ɓata aiki.* Kada a kira mai kemis ya yi allurar naƙuda a gida, tana iya fasa mahaifa. Kada a danna ciki. Kada a yi yankan gishiri. In an riga an ba mace wani jiƙo ko rubutu, a gaya wa nas gaskiya, ba don ta yi faɗa ba, domin ta san abin da za ta lura da shi.

(g) *Ungozomar gargajiya.* Kada mu ture ta. Ita mata suke fara kira. Mu roƙe ta ta zama mai rakiya, ta kawo mace asibiti ta zauna da ita. Mai naƙuda da take da wata tata a gefenta takan fi samun kwanciyar rai.

(h) *In nas ta ce a wuce gaba, a wuce.* Kada a tsaya gardama cewa yarinya ce, ba ta iya ba. Kada kuma a ɗauki mace a koma gida da ita.

(i) *Bayan haihuwa.* A bar mai jego ta cika aƙalla awa 24 a asibiti, gama a ranar fari ne jini ya fi ɓallewa. A komo da ita a duba ta a kwana na 3, da bayan suna, da lokacin arba'in. A rage kanwa a kunu da zafin ruwan wanka, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura cewa suna da hannu cikin ciwon zuciya da kumburin masu jego.

(j) *Mu riƙe baƙuwarmu.* Nas da aka turo ƙauyenmu tana bukatar ɗaki mai ƙofa, da ruwa, da wanda zai raka ta in an kira ta da dare. In ta yi abin kirki a gaya mata. In da ƙara, a kai wa kwamiti, kada a zage ta a gaban masu jinya.

Tambayoyi Domin Taron Ƙungiya

1. Mata nawa ne masu ciki a gidajen 'yan ƙungiyarmu yanzu, nawa ne kuma suke zuwa awo?
2. In naƙuda ta tashi da ƙarfe biyu na dare a watan Agusta, wace mota za mu kira, wace hanya za mu bi?
3. Wa muka sani cikin ma'aikatan ɗakin haihuwa na asibitin da ya fi kusa da mu? Yaushe za mu gayyace ta ta yi wa matanmu magana?
4. Akwai yarinya a cikinmu da ta gama sakandare wadda ƙungiya za ta iya taimaka wa ta shiga makarantar ungozoma?

Magatakarda ya rubuta abin da aka shirya, da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki, a karanta a taro na gaba.